Harsashin Farauta: Awo Ke Kai Shi Inda Aka Nufa, Ba Yawan Albarushi Ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a jaridarka domin mu warware wata magana da ta daɗe a bakin maharba da masu sha'awar farauta, wai harsashi yana ƙara kyau ne gwargwadon albarushin da aka ɗura masa. Maganar nan kuskure ce, kuma kuskure ne mai raba mutum da yatsunsa ko idonsa. A ƙasashen da doka ta yarda mafarauci ya haɗa harsashinsa da hannunsa, irin su Amurka, Jamus, Finland da Afirka ta Kudu, aikin ya zama ilimi mai ƙa'ida, kuma masanansa sun haɗu a kan abu guda: harsashin da ke sauka inda aka nufa shi ne wanda bai bambanta da ɗan'uwansa ba, a nauyi, a tsawo, a kauri, a komai. Ƙarfi yana zuwa daga baya.

Mu fara da doka, don kada wani ya yi mana mummunar fahimta. A Najeriya, Dokar Makamai ta 1959 ta hana mutum ƙera ko harhaɗa bindiga da harsashi ba tare da izinin hukuma ba, kuma muna goyon bayan hakan ganin halin da ƙasa take ciki. Ko inda aka halatta ma ba a sake wa mutane mara ba. A Jamus sai mutum ya yi kwas ya ci jarrabawa a ƙarƙashin dokar abubuwa masu fashewa kafin a sayar masa da albarushi. A Afirka ta Kudu dokar makamai ta shekarar 2000 ta yarda mai lasisi ya ɗura harsashin bindigar da lasisinsa ya ambata kawai, ta kuma ƙayyade yawan abin da zai ajiye. Don haka ba za mu kawo nauyin albarushi na kowane harsashi a nan ba. Nufinmu mai karatu ya ga yadda ake aikin da dalilin kowane mataki, domin akwai darasi a ciki har ga mai bindigar toka.

Harsashin raiful abu huɗu ne. Akwai kwanso na tagulla, wanda shi ne gidan komai. A gindinsa akwai firaima, wato ashanar harsashi, wadda allurar bindiga ke dukanta ta yi tartsatsi. Sai albarushi a ciki, sai ƙwaya a baki, ita ce ke tafiya ta sami dabba. Kwanso ne mafi tsada, shi ya sa ake tara shi bayan harbi a sake ɗura shi. Ana auna albarushi da ƙwaya da giren: giren 7,000 ke yin laba ɗaya, giram ɗaya kuma ya ɗan haura giren 15. Albarushin zamani, wanda ba ya hayaƙi, Paul Vieille ne ya fito da shi a Faransa a 1884, kuma ya sha bamban da baƙin albarushin da kakanninmu suka sani. Idan aka harba harsashin da ake kira .308 Winchester (kowane irin harsashi da lamba ake sa masa suna), matsin da ke cikin makwancin harsashi, wato inda yake zama a gindin bututu, na iya kaiwa laba 62,000 a kan kowane inci murabba'i, iyakar da ƙungiyar SAAMI ta Amurka ta gindaya ke nan. Na .30-06 laba 60,000 ne, na .270 Winchester 65,000. Tayar ƙaramar mota ana ba ta iska wajen laba 32. Wato kusan ninki dubu biyu ne ke tashi a tazarar ɗani ɗaya da fuskar mai harbi. Wanda ya riƙe wannan lissafi a ransa ba zai ɗura albarushi da ka ba.

Kafin a taɓa kwanso ko ɗaya, bindigar ake fara dubawa, domin sau da yawa ana ɗora wa harsashi laifin da ba nasa ba. Kusoshin da suka haɗa ƙarfen bindiga da katakonta dole su ɗauru daidai ƙarfin da kamfani ya faɗa, ba a sake ba, ba a kuma danne su har katako ya lotsa ba. Haka kusoshin madubin saiti. Yawancin raifulolin farauta na yanzu ana barin bututunsu a sake, ba ya taɓa katako daga gaban makwanci har baki. Ana gwada wannan da zura takardar kuɗi tsakanin bututu da katako: idan ta cije a wani wuri, to bututun na gogar katako, kuma da ya yi zafi ko katakon ya sha laima, saiti zai gusa. Bakin bututu ma a duba shi da kyau. Ɗan targaɗe a gefen bakin yana sa iskar da ke bin ƙwaya ta fita ta gefe ɗaya ta karkatar da ita. Daga nan a harba harsashin kamfani mai kyau a ajiye takardar, don a san inda aka faro.

Zaɓen ƙwaya ya kamata ya biyo dabbar da za a farauta, ba takardar gwaji ba. Nan ne muke ganin mutane da yawa suna ɓata. Ƙwayar gasar harbi tana da siririyar riga, tana haɗa rami ɗaya a takarda, amma a kafaɗar gwanki ko ɓauna tana iya tarwatsewa kafin ta kai huhu, a bar dabba ta gudu da rauni ta mutu a wahale. Wannan zalunci ne, kuma asara ce. Ƙwayar farauta an yi ta ne ta buɗe kamar laima ta kuma riƙe nauyinta. John Nosler ya fara sayar da irin tasa mai shamaki a tsakiya a 1948, gaba ya buɗe, baya ya ci gaba da kutsawa. Daga baya aka sami waɗanda aka like dalmarsu da rigarsu, da kuma na jan ƙarfe zalla irin na kamfanin Barnes, waɗanda suka yawaita tun da jihar Kalifoniya ta hana farauta da dalma gaba ɗaya a 2019. Kowace iri tana da mafi ƙarancin gudun da take buɗewa a kansa, yawanci wajen ƙafa 1,800 zuwa 2,000 a daƙiƙa, kuma na jan ƙarfe sun fi son gudu. Nisan da gudun ƙwaya ya faɗi ƙasa da wannan, nan ne iyakar harbin mutum na gaskiya, komai kyan saitinsa. Hukumomi ma suna duba wannan gefe: a Jamus ba a harbin manyan dabbobi masu kofato da abin da bai kai milimita 6.5 ba, kuma sai ƙarfinsa ya kai jul 2,000 (jul ma'aunin ƙarfin bugu ne) a mita 100.

Sai a dubi murɗin bututu. A cikin bututun raiful akwai tsagogi masu murɗewa da ke sa ƙwaya ta riƙa juyi don ta tafi da kai a gaba. Idan an ce 1:10, ƙwaya na kammala juyi ɗaya a inci 10. Doguwar ƙwaya tana buƙatar murɗi mai sauri, kuma tsawo ne abin dubawa fiye da nauyi. Shi ya sa ƙwayar jan ƙarfe, wadda ta fi ta dalma tsawo a nauyi ɗaya, takan ƙi zama a bututun da ta dalma ta zauna lafiya. Yawancin .30-06 suna da 1:10, .308 tsakanin 1:10 da 1:12, 6.5 Creedmoor kuma 1:8. Alamar murɗi bai isa ba ita ce ramin da ke takarda ya fito a kwance ko mai kama da ƙwai maimakon zagaye. Babu wani albarushi da zai gyara wannan, sai dai a canja ƙwaya.

Aikin kwanso shi ne mafi cin lokaci, kuma shi ne gaggawa ta fi ɓatawa. Kwanso ɗari na kamfani ɗaya, zubi ɗaya, a riƙa harba su tare ana ƙirga sau nawa aka ɗura su. Haɗa na Lapua da na Winchester da na Norma a kwano ɗaya kuskure ne, domin kaurin bangonsu ya bambanta, cikinsu ma ya bambanta, albarushi ɗaya zai ba da matsi iri-iri. Kwanson soja na 7.62, wato takwaran .308 a wurin soja, yakan fi na farar hula kauri, don haka nauyin da ke lafiya a wancan yana iya wuce iyaka a wannan. A leƙa cikin kwanso kuma: rami ɗaya a tsakiyar gindi shi ne tsarin Boxer, wanda ake iya sake ɗurawa da kayan aiki na yau da kullum. Ramuka biyu tsarin Berdan ne, wanda zai karya allurar cire firaima.

Bayan an wanke an busar, ana shafa wa jikin kwanso ɗan mai na musamman a tura shi cikin mazubin ƙarfe da ke ɗaure a injin dannawa, don ya koma girmansa. Man nan yana da iyaka ta fuska biyu. Idan ya yi kaɗan kwanso zai maƙale a mazubi, gindinsa ya ɓalle a bar sauran a ciki. Idan ya yi yawa, musamman a kafaɗa, zai taru ya lotsa ta. Amma babban abin lura shi ne yawan tura kafaɗar kwanso baya. Idan an harba, kwanso yana buɗewa ya cika makwancin bindigar. A bindiga mai sakata, wato ƙarfen da ake ja da hannu a tura harsashi makwanci a kulle shi, ana so a mayar da kafaɗar baya da inci 0.002 kacal, wato kusan milimita 0.05, ana aunawa da ma'aunin da ake ɗaura wa kalifa, wato na'urar awon tsawo da kauri mai baki biyu. Wanda ya bi umarnin takardar mazubi ido rufe ya murɗa shi har ƙasa yakan tura kafaɗa inci 0.006 ko fiye. Kowane harbi sai kwanso ya miƙe ya cike wannan giɓi, kuma inda yake miƙewa shi ne ɗan sama da gindi. Bayan 'yan ɗure-ɗure bangon wurin ya sirance, wata rana gindi ya rabu da jiki, iska mai zafi ta dawo wa fuskar mai harbi. Kafin hakan ta faru akan ga wani zobe mai ƙyalli a waje. Ana kuma lanƙwasa bakin siririyar waya a ja ta a bangon ciki. Idan ta faɗa wani kwari kusa da gindi, a murƙushe kwanson a jefar, har da 'yan'uwansa da aka harba sau ɗaya da shi a sa musu ido.

Tsawon kwanso ma yana ƙaruwa. Iyakar na .308 inci 2.015 ne, ana datse shi zuwa 2.005. Na .30-06 iyakarsa 2.494, ana datsewa zuwa 2.484. Wanda ya wuce iyaka bakinsa zai shiga maƙogwaron bututu ya matse ƙwaya, ta kasa sakuwa a kan lokaci, matsi ya yi tsalle ko da albarushin daidai yake. Bayan datsewa a kankare bakin ciki da waje don kada ya yanki rigar ƙwaya. Riƙon da wuyan kwanso ke yi wa ƙwaya ana barinsa wajen inci 0.002, wato faɗin wuya kafin a sa ƙwaya ya gaza na bayan an sa ta da wannan adadi. Tagulla tana taurare da yawan matsawa, riƙon ya daina zama iri ɗaya, daga baya wuya ya tsage. Masu ƙwarewa suna gasa wuya da kafaɗa don su yi laushi. Wuya da kafaɗa kawai. Zafi ya kai gindi, kwanso ya zama abin haɗari.

Firaima ana tura ta a hankali har a ji ta zauna a ƙasan raminta, ta nutse ƙasa da fuskar gindi da inci 0.003 zuwa 0.005. Wadda ta ɗago tana hana sakata rufuwa, tana iya tashi tun ba a ja kunama ba a wasu bindigogi, ko kuma ta ƙi tashi saboda dukan allura ya tafi wajen ƙarasa zaunar da ita. Idan ta shige ba tare da wata turjiya ba, ramin ya buɗe saboda matsin da ya wuce kima a baya, kwanson ya gama aiki. Tabarau na kariya dole ne a wannan mataki, kuma ba a tara firaima a kwalba, a cikin fakitinta ake barinta.

Yanzu albarushi. Kamfanonin da ke yin sa, irin su Hodgdon, Vihtavuori na Finland da Somchem na Afirka ta Kudu, da masu yin ƙwaya irin su Hornady, Sierra da Nosler, suna buga ma'aunin da suka gwada da na'urar auna matsi. Kowane layi yana faɗin irin kwanso, firaima, ƙwaya, tsawon harsashi, nauyin farawa da iyaka. Daga nan kaɗai ake ɗaukar lamba, kuma gara a duba wurare biyu a gwama. Lambar da aboki ya faɗa da baki ba hujja ba ce. Sunaye ma suna ruɗi: H4350 da IMR 4350 ba abu ɗaya ba ne, kowanne da ma'auninsa. Gwangwani ɗaya kaɗai ake ajiyewa a kan tebur lokacin aiki, domin mafi munin haɗari a wannan sana'a shi ne a zuba albarushin ƙaramar bindiga mai saurin ci a kwanson raiful. Wannan ba ya ba da gargaɗi, harbi ɗaya ne bindiga ta tarwatse. Ana farawa daga nauyin farawa, wanda yawanci yake ƙasa da iyaka da kusan kashi 10 cikin ɗari, ana hawa da giren 0.3 zuwa 0.5 a kwanso mai girman .308 ko .30-06. Sauka ƙasa da nauyin farawa shi ma ba tsira ba ne, musamman da albarushi mai ci a hankali a babban kwanso, domin wutar ba ta kama shi yadda ya kamata. Kowane zubi a ɗora shi a sikelin da aka tabbatar da shi da nauyin gwaji, nesa da fanka da taga. Kafin a sa ƙwaya, a jera kwansunan a haska su da tocila ɗaya bayan ɗaya. Wanda babu albarushi a cikinsa, ƙarfin firaima kaɗai ya isa ya tura ƙwaya ta tsaya a tsakiyar bututu, harbi na gaba ya same ta a can. Duk harbin da ƙararsa ko bugunsa ya yi rauni, a tsaya, a cire sakata a leƙa bututu.

Zurfin zaman ƙwaya yana da tasiri a kan saiti fiye da yadda ake zato. Tsakanin ƙwaya da inda tsagogin bututu suka fara akwai ɗan fili da take tsallakewa. Ana auna wannan fili a bindigar kanta, domin ko bindigogi biyu na kamfani ɗaya ba su cika zama daidai ba. Ga ƙwaya mai dalma akan fara da tazarar inci 0.020 zuwa 0.030, ga ta jan ƙarfe kuma 0.050, kamar yadda Barnes da kansa ya ba da shawara. Awon daga gindi zuwa kafaɗar ƙwaya ake yi, ba zuwa tsininta ba, saboda tsini yana bambanta ko a akwati ɗaya. Masu gasa wani lokaci suna cusa ƙwaya har ta taɓa tsagogi. Ga mafarauci wannan ganganci ne: matsi yana ƙaruwa, kuma idan ya buɗe sakata ba tare da ya harba ba, ƙwaya na iya maƙalewa a bututu, albarushi ya zube cikin kunama, a tsakiyar daji. Ban da haka dole harsashi ya shiga gidan harsasai ya kuma hau makwanci ba tare da cijewa ba. Sau da yawa tsawon gidan harsasai ne ke yanke hukunci kafin a kai ga tsagogi.

A filin gwaji ƙa'ida ɗaya ce ke riƙe komai: abu ɗaya ake canjawa a lokaci ɗaya, a kuma rubuta. Wanda ya canja albarushi da firaima da zurfi a zama ɗaya, ko saiti ya yi kyau bai san dalili ba. Ana ɗora bindiga a kan buhunan yashi gaba da baya, katako ne ke kan buhu, ba bututu ba. A harba biyu a gefe don bututun da aka wanke ya ɗan yi datti, domin tsabtataccen bututu yakan kai harbin farko wani wuri dabam. A bar mintuna tsakanin harbi. Idan ba a iya riƙe bututu da hannu, ya yi zafi da yawa. Daga mafi ƙarancin nauyi ake farawa, ana duba kowane kwanso kafin a hau na gaba. Alamun matsi ya wuce kima su ne sakata ta yi nauyin ɗagawa, tabo mai ƙyalli a gindin kwanso inda ya nutse cikin ramin fitar da shi, firaima ta baje ta cika raminta ko ta huje. Da an ga ɗaya an tsaya, sauran a kai gida a warware su. Sai dai kada a dogara da waɗannan alamu kaɗai, domin sau da yawa ba sa bayyana sai an riga an wuce iyaka. Na'urar auna gudun ƙwaya ta fi su gaskiya. Idan gudun ya kai na iyakar littafi, to matsin ma ya kai, ko da nauyin albarushin bai kai ba. A kuma tuna yawancin ma'aunai an yi su ne da bututu mai inci 24. Mai inci 20 zai yi ƙasa da wajen ƙafa 100 a daƙiƙa, kuma neman cike wannan giɓi da ƙarin albarushi shi ne hanyar fasa bindiga.

Abin da ake nema ba nauyi ɗaya da ya yi sa'a ba ne, a'a, wani yanki ne inda nauyi biyu ko uku da ke maƙwabtaka suke sauka wuri ɗaya. A zaɓi na tsakiyarsu, don ƙaramin kuskuren sikeli ko canjin yanayi kada ya gusar da saiti. Wani maharbin gasa Ba'amurke, Creighton Audette, ya shahara da hanyar harba harsashi ɗaya ɗaya na nauyi mai hawa a nesa, a ga inda ramuka suka taru. Hanyar tana da amfani wajen rage zaɓi, amma a ra'ayinmu ba ta isa hujja ba. Nan ne yaudarar kai ta fi yawa. Harbi uku da suka haɗu wuri ɗaya ba su tabbatar da komai ba, domin harsashi iri ɗaya daga bindiga ɗaya yana iya ba da santimita 1.5 yanzu ya ba da 4 an jima. Wanda aka zaɓa sai a sake gwada shi da harbi 15 zuwa 20, a ranaku dabam-dabam, a ɗora takardun a kan juna, ba tare da cire wanda ya fanɗare ba sai in an tabbata hannu ne ya motsa.

Kuma kada a wahalar da kai a kan abin da farauta ba ta buƙata. Ma'aunin da ake kira MOA daidai yake da santimita 2.9 a mita 100. Bindigar da ke riƙe MOA ɗaya da rabi a kowane lokaci tana zuba harbinta cikin santimita 13 a mita 300, alhali huhu da zuciyar dabba mai girman kanki ko mariya sun kai faɗin santimita 20. Bambancin gudu na ƙafa 30 a daƙiƙa bai kai ya sauya sauka da santimita 2 a wannan nisa ba. Mafarauci da ya ƙone harsashi ɗari biyar yana neman rage santimita ɗaya a kan tebur, gara ya kashe rabinsu yana koyon harbi a tsaye da sandunan dogara da kuma a durƙushe. Harbin da ya fi muhimmanci shi ne na farko daga bututu mai sanyi, shi ne dabba za ta gani, don haka a kan shi ake daidaita madubi.

Zafin rana kuwa magana ce da ta shafe mu kai tsaye. Albarushi yana ƙara matsi idan ya ɗumama. Masu ƙera bindiga na Ingila sun san haka tun zamanin kodait, wani tsohon albarushi marar hayaƙi, shi ya sa suka yi .416 Rigby a 1911 da babban kwanso mai ƙaramin matsi, suka kuma ba .375 H&H na 1912 jiki mai sirancewa da ke fita cikin sauƙi, duk don zafin Afirka da Indiya. Baƙin da ke zuwa yankunan farauta masu lasisi a arewacin Kamaru, kewayen gandun Benuwe, Faro da Buba Njida, a lokacin rani suke zuwa. Harsashin da aka kai iyaka cikin sanyin Turai, aka kawo shi inda zafi ke haura digiri 40, aka kuma bar shi a gaban mota cikin rana, shi ne ke sa sakata ta ƙi buɗuwa a gaban ɓauna mai rauni. Akwai albarushin da aka yi don jure canjin yanayi, irin su Varget da H4350, amma jurewa ba ta kai a ce babu canji ba. Mai hankali yana tsayawa ƙasa da iyaka, yana gwaji a zafin da zai yi farauta a cikinsa, yana ajiye harsashi a inuwa. Kafin tafiya kuma yana bi da kowane harsashi ta cikin bindigar a wuri amintacce don ya tabbata yana shiga yana fita, sannan ya rubuta a jikin akwati irin ƙwaya, albarushi da lambar zubinsa, nauyi, firaima, tsawo da kwanan wata. Sabon gwangwanin albarushi mai wata lambar zubi yana nufin a ɗan sauko a sake hawa.

Ga maharbanmu masu bindigar toka da ke da lasisin 'yan sanda, abin da ya shafe su a nan a fili yake. Albarushin da ke cikin harsashin kamfani, na raiful ko na bindigar tsuntsaye, bai halatta ya shiga bindigar da ake ɗura ta baki ba, ko kaɗan, ko a gauraye. Bututunta, musamman wanda aka yi da bututun ruwa ko na sitiyarin mota, ba zai ɗauki matsinsa ba. Baƙin albarushi ma a auna shi da ma'auni guda da ba ya canjawa, ba da tafin hannu ba, domin ƙarin da aka yi fiye da kima hayaƙi da bugu yake ƙarawa, yana kuma watsa harbi. A danna abin harbi har ya zauna a kan albarushi, don giɓin iska a tsakaninsu yana kumbura bututu ko ya fasa shi. A yi wa sandar dannawa alama biyu, ɗaya idan bindiga ba komai, ɗaya idan tana da ɗuri ɗaya, ta haka ake gane an yi ɗuri a kan ɗuri. Kada a zuba albarushi kai tsaye daga gora ko ƙaho zuwa bakin bindigar da aka harba yanzu, saboda ɗan garwashin da ya rage a ciki zai bi ya kama na hannu. A zuba a ma'auni, a rufe gorar, sannan a juye. Idan an ja kunama ba ta tashi ba, a bar bakin yana kallon inda ba mutum na aƙalla minti ɗaya kafin a taɓa komai, domin baƙin albarushi mai laima yakan tashi a makare.

Mun gode da filin da ka ba mu, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naka,
Wasu masu nazarin ilimin harbi da farauta